Tantance takardun karatu don neman zama a Kanada: wace shaida zan tura, kuma yaya zan yi da ta maiɗakina?

Baban Khalifa, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi wa 'yan'uwa fatan alheri, musamman waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. Ina shirin neman izinin zama na dindindin a Kanada ta tsarin Express Entry, wanda ake jera masu nema a cikinsa bisa maki sannan a gayyaci waɗanda suka fi maki, a rukunin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, kuma na fahimci cewa ba za a ba ni makin ilimi ba sai wata hukuma da suka amince da ita ta tantance takarduna, ta fitar da rahoton da ake kira ECA. A nan ne lamarin ya ɗaure mini kai.

Karatuna bai bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Na yi ƙaramar difloma a fannin injiniyan gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha, na yi shekarar sanin makamar aiki, na koma na kammala babbar difloma a 2014. Bayan hidimar ƙasa na shiga jami'a na yi diflomar gaba da digiri, wato PGD, sannan na kammala digiri na biyu a 2021. Abin da nake son sani shi ne, digiri na biyun kaɗai zan tura, ko kuwa dole ne in haɗa da duk na ƙasa da shi, ganin cewa ban taɓa yin digiri na farko ba? Kuma wace hukuma ce ta fi dacewa da mai irin takarduna?

Sai batun maiɗakina. A Khartoum ta yi digirinta na farko, ta kammala shekaru kaɗan kafin yaƙi ya ɓarke, shaidarta da Larabci take, kuma saƙonnin da muka tura wa makarantar ba mu sami amsarsu ba. Haka kuma sunana bai zo iri ɗaya a takardun ba: a babbar difloma Mohammed ne haɗe da sunan garinmu, a fasfo kuma Muhammad ne haɗe da sunan mahaifina. Akwai wani ejan da ya ce in ba shi takardun da kuɗi, zai kammala mini komai ba sai na taka zuwa makaranta ba. Shekaruna 33. Ina neman shawarar wanda ya sani.

Abu Sumayya, Kalgari

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Allah ya sa a fita kunya. Zan ɗauki tambayoyi biyun farko, domin su ne na fi sani.

Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, hukumomi biyar ta amince su yi wannan aiki ga galibin masu nema. Akwai WES, wadda ita ce mutanenmu suka fi sani, da ICAS, su biyun a lardin Ontario suke, da CES ta Jami'ar Toronto, da IQAS ta gwamnatin lardin Alberta, da kuma ICES ta lardin British Columbia. Likitoci da masu haɗa magunguna, da masu zanen gine-gine tun daga 2024, kowannensu yana da tasa hukumar ta sana'a, amma kai ba ka cikin waɗannan. A wurin IRCC rahoton kowace daga cikin biyar ɗin karɓaɓɓe ne, babu wanda ya fi wani daraja. Inda suka bambanta shi ne takardun da kowace take buƙata, da saurin aikinta, da kuma yadda take auna wasu shaidu, domin kowace da nata ma'aunin. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka shiga shafin kowace ka zaɓi Nijeriya, ka karanta abin da take nema daga mai irin shaidarka. Kuɗin WES ya haura dala 200 ta Kanada, ban da haraji da kuɗin aike da abin da makarantarka za ta karɓa. Ka kula sosai wajen cike buƙatar: rahoton da aka yi don neman gurbin karatu ko don aiki ba ya shiga Express Entry, haka ma wanda aka nema ta ɓangaren WES na Amurka. Wanda aka rubuta a kansa cewa na IRCC ne kaɗai zai yi maka amfani.

Ƙa'idar IRCC ita ce, a mafi yawan lokuta shaida mafi girma kaɗai ake buƙatar a tantance, sai fa idan mutum yana son makin shaidu biyu ko fiye, to a nan sai an tantance kowace. Amma shawarata gare ka ita ce ka tura duka, daga babbar difloma zuwa sama, kuma dalilina lissafi ne. Ba sunan da ke kan kwalinka ake bai wa maki ba. Jimlar da hukumar ta rubuta a rahoto, cewa wannan shaida daidai take da kaza a Kanada, ita ake bai wa. Ga mai tafiya da iyali, digiri na farko ko karatun shekara 3 zuwa sama maki 112 ne, shaidu biyu ko fiye waɗanda ɗaya daga cikinsu ta kai shekara 3 maki 119 ne, digiri na biyu kuma 126. Ka ga tsakanin shaidu biyu da digiri na biyu maki 7 ne kacal. Inda babbar tazarar take shi ne wurin da ake haɗa ilimi da ƙwarewar harshe. Wanda ya kai mataki na 9 a ma'aunin harshensu, wato a jarrabawar Turanci ta IELTS ya sami 8 a sauraro da 7 a sauran ɓangarori ukun, ƙarin maki 25 yake samu idan shaidarsa ɗaya ce, amma 50 yake samu idan yana da shaidu biyu irin waɗanda na ambata ko digiri na biyu. To idan ka tura digiri na biyu shi kaɗai, hukumar ta duba ta ga hanyar da ka bi ka shiga, ta auna shi ƙasa da yadda kake zato, ba ka da abin da za ka dafa. Idan kuwa duka suna cikin rahoton, ko da an rage wa na saman daraja, akwai damar ka tsaya a rukunin shaidu biyu, asarar ta zo da sauƙi.

Rahoton yana aiki shekara 5 daga ranar da aka fitar da shi, kuma dole ne ya kasance bai ƙare ba a ranar da ka shiga jerin masu jiran gayyata da ranar da ka miƙa cikakkiyar buƙatarka. Sakamakon jarrabawar harshe kuwa shekara 2 kawai yake yi. Don haka da tantancewa ake farawa, jarrabawa ta biyo baya. Kada ka manta da shekarunka: mai iyali yana da maki 100 daga shekara 20 zuwa 29, daga nan har zuwa shekara 40 kowace shekara tana cin maki 5, kai yanzu 80 gare ka, badi kuma 75.

Maman Nabila, Kaduna

Malam Baban Khalifa, barka da ƙoƙari. Bayanin Abu Sumayya ya gamsar, sai dai shi daga can yake hango lamarin, ni kuwa na yi shekaru ina aiki a sashen jarrabawa da adana sakamako na wata babbar makaranta kafin in yi ritaya, kuma ina tabbatar maka cewa mafi yawan jinkirin da ake ɗora wa Turawa a ofisoshinmu na gida yake faruwa. Shawarar a tura duka tana da kyau a lissafi, amma ka san nauyin da ka ɗauka: makarantu biyu ne, fayil uku ko huɗu, kowanne da kuɗinsa da layinsa, kuma hukumar ba ta fara ƙirga kwanakin aikinta sai takarda ta ƙarshe ta iso an karɓe ta. Idan fayil ɗaya ya maƙale, duk sauran sun tsaya. Ban ce kada ka yi ba, amma ka fara da tsohuwar makarantar, domin sakamakon 2014 da na shekarun da suka gabace ta galibi ba a kwamfuta yake ba, a manyan takardun sakamako na sashe yake, sai an tono su an sake bugawa, an kai wa shugaban sashe ya duba, sannan magatakarda ya sa hannu.

Abin da hukumar take so shi ne transkirif, wato takardar da ta jero kowane darasi da makinsa zango bayan zango, kuma makarantar ce za ta aika da kanta, ko ta hanyar intanet idan akwai wannan tsari tsakaninsu, ko a ambulan rufaffe. Kwafin ɗalibi da ke hannunka ba ya cikin lissafi. Ambulan ɗin kuwa yana da ƙa'ida: na makaranta ne mai ɗauke da tambarinta, a liƙe bakinsa, a buga hatimi ko a sa hannu a kan maliƙar ta baya yadda rabi zai hau murfin rabi ya hau jikin ambulan. Na sha ganin an mayar da aiki baya saboda ma'aikaci ya buga hatimin a gaba kusa da adireshi, ko ya manta bai rubuta lambar da hukumar ta bai wa mai nema ba, ambulan ya isa Toronto a rasa fayil ɗin da za a sa shi. Saboda haka ka fara buɗe buƙatarka a wurin hukumar ka karɓi lambar, ka buga fom ɗinta na neman sakamako, sannan ka nufi makaranta. Ka biya kuɗin ta hanyar da makarantar ta tanada, a makarantun tarayya galibi ta Remita ne, ka riƙe rasit, ka kuma karɓi lambar bin sawun saƙon daga kamfanin aike. Akwai wani mataki da mutane ba su cika sani ba: wani lokaci hukumar takan rubuto wa makaranta ta imel tana neman tabbaci, saƙon ya kwanta a akwatin da ba kullum ake buɗe shi ba. Idan ka ga shafinka ya nuna ana jiran tabbaci, kada ka zauna jira, ka je ofishin cikin ladabi ka tambayi wanda ke riƙe da akwatin.

Maganar suna kuma, wannan ciwon mutanenmu ne gaba ɗaya, tun daga firamare inda malami yakan rubuta wa yaro sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. Kada ka nemi makaranta ta sauya abin da ke cikin kundinta don ya dace da fasfo, domin ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yana iya sa transkirif ya saɓa wa kwalin da ke hannunka. Ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ka haɗa da sanarwar jarida, ka buɗe buƙatarka da sunan da ke kan fasfo harafi da harafi, sannan ka bayyana ɗaya sunan a gurbin da aka tanada don sunayen da mutum ya taɓa amfani da su. Ka duba ranar haihuwa ma, don ta fi suna jawo tambaya idan ta saɓa.

Shi kuwa ejan da ya ce ba sai ka taka makaranta ba, ka tambaye shi daga ina transkirif ɗin zai fito. Idan aikensa za ka yi ya bi maka layi, wannan ɗan aike ne, ka biya shi ladan ɗan aike, amma imel da lambar sirrin shafinka su tsaya a hannunka. Idan kuwa nufinsa ya haɗa takardar a shagon kwamfuta, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dokar shige da fice ta Kanada tana haramta wa wanda aka kama da bayanin ƙarya shiga ƙasar har shekara 5, kuma ba ta karɓar uzurin cewa wani ne ya cike maka. Ka tuna a farkon 2024 gwamnatin Nijeriya da kanta ta dakatar da tantance digirorin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin makonni 6. Irin wannan labari ba ya wuce masu tantancewa na waje, kuma masu takardun gaskiya ne suke shan ƙarin bincike a dalilinsa.

Abu Rayyan, Kano

Ɗan'uwa Baban Khalifa, ni ma a Khartoum na yi karatu, don haka bari in ce wani abu game da takardun uwargida. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 harabobin jami'o'in birnin suka watse, gwamnati ta koma Port Sudan, makarantu da dama kuma suka buɗe ofisoshin wucin gadi a wasu garuruwa. Adireshin imel da ke kan tsohuwar takarda ba lallai ne akwai mai duba shi ba. Hanyar da ta fi kai mutum ga ma'aikacin da ke kan aiki a yanzu ita ce ta tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda aka kwaso a 2023 suka ci gaba da bibiyar takardunsu. Ku duba bayan shaidarta ko tana ɗauke da hatiman ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje ta Sudan, ku adana ta da kyau. Ku kuma tambaya ko makarantar tana bayar da shaida da transkirif da Turanci, domin jami'o'in Sudan da yawa suna yin haka, kuma wannan zai rage muku wahalar fassara. Idan fassarar ta zama dole, kalma da kalma ake so, har da rubutun cikin hatimi. IRCC ba ta karɓar fassarar da mai nema ya yi da kansa ko wadda wani ɗan'uwansa ya yi masa, komai ƙwarewarsa a Larabci. Sai ta amintaccen mai fassara, ko wadda aka haɗa da takardar rantsuwar wanda ya yi ta.

Amma ka auna abin da kake nema kafin ka tsayar da tafiyar saboda shi. Tantance karatun matar mai nema ba sharaɗi ba ne, ƙarin maki ne kawai. Digirinta na farko maki 8 zai ba ka, kuma ko digiri na uku gare ta ba zai wuce 10 ba. Jarrabawar harshe kuwa, idan ta zauna ta yi ta da kyau, tana iya kawo har maki 20. Idan ka shekara biyu kana jiran ambulan daga Sudan, makin da shekarunka za su ci ya fi wanda ambulan ɗin zai kawo. A ganina ka shiga jerin da naka rahoton, ka rubuta karatunta yadda yake a tarihinta ba tare da neman maki a kansa ba, ita kuma ta mayar da hankali kan Turanci. Duk ranar da nata rahoton ya fito kana iya sabunta bayananka matuƙar ba a riga an gayyace ka ba. Neman takardun nata dai kada ku bari, domin za ta buƙace su idan ta so yin aiki ko ƙarin karatu a can.

Ɗan Damagaram, Monkton

Gaisuwa ga kowa. Ƙarin bayani ne ga 'yan'uwa na Nijar da za su karanta wannan. Takardunmu na Jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'in ƙasar da Faransanci suke, kuma Faransanci harshen hukuma ne a Kanada, saboda haka IRCC ba ta neman a fassara su, ko da yake yana da kyau mutum ya tabbatar da harshen da hukumar tantancewar da ya zaɓa take karɓa. Digirinmu na farko a tsarin LMD, wato lisans da masta da dokta, shekara 3 ne, kuma yadda Abu Sumayya ya faɗa, abin da aka rubuta a rahoto shi ne abin dogaro. Wanda ya ci jarrabawar Faransanci ta TEF Canada ko TCF Canada a mataki na 7 yana samun ƙarin maki 25, ko 50 idan ya haɗa da Turanci a mataki na 5, kuma tun 2023 ana ware gayyata ta musamman ga masu Faransanci. Lardin Kebek dai ba ya cikin Express Entry, tsarinsa daban ne, takardar kwatanta karatunsa ma daban ce.

Baban Khalifa, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya Maman Nabila, na gode ƙwarai, na fasa ba ejan takarduna, da tsohuwar makarantar zan fara kamar yadda kika ce. Abu Rayyan, lissafin nan naka ya kwantar wa maiɗakina da hankali. Saura tambaya ɗaya ga Malam Abu Sumayya: idan rahoton ya fito ya ce digirina na biyu daidai yake da nasu, shin da shi zan nemi aiki a matsayin injiniya da zarar na sauka?

Abu Sumayya, Kalgari

A'a, ɗan'uwa, wannan wata ƙofa ce daban, kuma gara ka san da ita tun kana gida. Rahoton ECA na shige da fice ne. Bai zama lasisin aiki ba, kuma bai tilasta wa kowace hukumar sana'a ta amince da karatunka ba. A Kanada doka ce ta tsare sunan injiniya, kowane lardi kuma da hukumarsa: a nan Alberta APEGA ce, a Ontario PEO ce. Su da kansu suke sake duba darussan da ka yi ɗaya bayan ɗaya da ƙwarewarka ta aiki, suna iya ɗora maka jarrabawa, kuma abin da suka fi zura wa ido shi ne karatun matakin farko, wanda a wurinka babbar difloma ce. Ka san ko a gida COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Nijeriya, ba a rukuni ɗaya take yi wa mai babbar difloma da mai digiri rajista ba. Nan ma akwai hanyar masu fasahar injiniya, ASET a Alberta da OACETT a Ontario, kuma mutum yana iya aiki a kamfanin gine-gine ƙarƙashin injiniya mai lasisi yayin da yake bin nasa. Wani sauƙi da aka samu shi ne, tun 2023 PEO ta janye sharaɗin sai mutum ya yi aiki a cikin Kanada kafin ta ba shi lasisi.

Saboda haka tunda za ka shiga ofishin su Hajiya, ka yi aiki biyu a tafiya ɗaya. Ka roƙi sashenku kundin bayanin darussa na shekarun da ka yi karatu, wanda ya nuna abin da aka koyar a kowane darasi da sa'o'insa, a buga masa hatimi, domin hukumomin lasisi sukan nemi irinsa kuma samunsa daga nesa yana da wuya. Ka karɓi wasiƙun wuraren da ka yi aiki masu ɗauke da ranakun farawa da barin aiki, da sa'o'in mako, da albashi, da ayyukan da ka riƙa yi, tun shugabannin da suka san ka suna kan kujerunsu, don bayan gayyata kwana 60 kawai ake bayarwa a miƙa komai. Idan kuma ka ga lallai sai ka biya mai ba da shawara, ka duba sunansa a rajistar CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da ficen Kanada, da ke intanet, ko ka tabbatar lauya ne mai rajista a ɗaya daga cikin lardunan Kanada, domin irin waɗannan ne doka ta yarda su karɓi kuɗi su wakilce ka a gaban IRCC.